Tambaya ga malaman lissafi kan zanen alƙaluma

Salamu alaikum ƴan'uwa malamai. Ina neman dabara kan ɗaliban kwaleji nan Damagaram. Sun iya zana sanduna da layi da da'ira, zaɓen wanda ya dace ne ya gagara. A ba su farashin tiyar gero da dawa da wake a kasuwar Dole, sai su haɗa da layi, alhali layi na abin da ke canzawa da lokaci ne, kamar ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba. Sandunansu ba sa tashi daga sifili, ɗan bambanci ya koma kamar ninki. A da'ira kuwa, su ninka kason ɗari da 3,6 don samun digirin kowane yanki, su zubar da ragowa, jimilla ta tsaya 358 maimakon 360. Don Allah, wane aiki kuke fara ba su kafin su ɗauki fensir?