Talamus: ƙurya, tasha ko zaure?

Jama'a, a taimaka mini da kalma. Ina rubuta bayanin yadda ido ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, da na zo kan talamus, wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa da saƙon ke bi ta cikinsa, sai na cije. In na bar ta a haka, mai karatu zai haɗiye ta ne kawai bai san abin da ya haɗiya ba.

Ga hanyar tukuna, don mai raɗa suna ya ga jaririn. Haske yana sauka a kan retina, tantanin nan da ke shimfiɗe a bangon ido ta ciki. Ƙwayoyin da ke jin haske a kowane ido sun kai wajen miliyan 100, amma zaren da ke fita ta jijiyar gani miliyan 1 ne da 'yan kai. Ke nan tun a cikin ido aka fara tace labari ana dunƙule shi. Jijiyoyin idanu biyu sai su haɗu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Zaren da ya taso daga rabin retina na wajen hanci ya tsallaka ɗaya gefen, na wajen kunne ya miƙe abinsa. Shi ya sa duk abin da ke hagunka, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke karɓarsa, ko da wane ido ka kalla. Wannan wurin bai ba ni wahala ba, mararraba na ce masa.

Daga mararraba sai talamus, curi biyu masu siffar ƙwai a tsakiyar kai. Sashen gani a cikinsa ƙarami ne, a lanƙwashe yake, sunansa na Latin ma daga gwiwa aka ciro shi, don haka na kira shi 'yar gwiwa. Hawa 6 gare ta. Na 1, na 4 da na 6 suna karɓa daga idon tsallake, na 2, na 3 da na 5 daga idon gefensu. Har nan saƙon idanu biyu bai gauraya ba.

Wani malami ya ce a sa ƙurya, tunda a Girkanci talamos ɗakin ciki ne. Ranka ya daɗe, asali ya ba ka gaskiya, amma wanda ya kai ƙurya ya gama tafiya. Shi kuwa saƙon gani da sauransa, sai ya kai ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗarta ta sama, can wajen ƙeya kafin a ce an gani. Ɗalibi zai ji ƙurya ya ɗauka a nan hoto ke kwana.

Wata 'yar'uwa ta ce tasha. Malama, saura kaɗan in karɓa, don a nan zaren ido ke ƙarewa ya miƙa kayansa ga wata ƙwayar ta wuce da su. Abin da ya hana ni shi ne lissafin mahaɗan da ke cikin 'yar gwiwa, wato wuraren da zare ke haɗuwa da ƙwaya ya miƙa mata saƙo. Waɗanda suka fito daga retina ba su wuce 1 cikin 10 ba. Sauran na cikin gida ne: wasu sun dawo daga ɓawon ƙwaƙwalwar da ake aika wa saƙon, wasu daga tushen ƙwaƙwalwa mai kula da farkawa da barci, wasu kuma aikinsu danne saƙo ne kawai. Wato wanda za a kai wa labari yana da bakin magana a kan yadda labarin zai iso masa. In barci ya yi nauyi, ƙwayoyin wurin kan sauya salon bugunsu, abin da ke wucewa ya ragu. Tasha ba ta ɗauki wannan ma'ana ba, ita kowa da kuɗin motarsa ya wuce.

Ni dai zaure nake gani. Wuri ne da baƙo ke tsayawa a yi masa iso, kuma daga ciki amsa ke fitowa. Ji da taɓawa da ɗanɗano duk ta nan suke bi, kowa da kusurwarsa.

An yi mini ƙorafi biyu. Na farko, wai yanzu in ka ce zaure, hankalin mutane kan WhatsApp yake tafiya. Haka ne, amma zauren ƙwaƙwalwa a haɗe ba zai rikita kowa ba. Na biyu ya fi ƙarfi: ƙamshi da wari suna isa ɓawon ƙwaƙwalwa ba tare da sun fara biyowa ta talamus ba, kuma wani kaso na zaren ido kan ratse zuwa wuraren da ke tsuke ɗan ido da saita agogon jiki. Na yarda. Sai dai wannan bai rushe kalmar ba, a rubuta cewa hanci da ƙofarsa daban.

Na gwada kalmar zaure a kan maƙwabcin talamus, haifotalamus, wanda ma'anar sunansa ita ce abin da ke ƙasan talamus. Ƙasan zaure ya zauna a baki. Ƙasan tasha kuwa, sai na ji kamar ana yi wa direba kwatance. Zauren ƙwaƙwalwa zan rubuta, in sa talamus kusa da shi a karon farko kawai.