Tambaya: yaya ake bin siririn doron tsauni, rami hagu rami dama?

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Mu shida ne daga nan Sakkwato za mu je Jos a hutun Disamba, kuma cikin shirin har da hawan tsaunukan Shere. Wanda zai yi mana jagora ya turo bidiyo. Akwai wani wuri da hanya ta bi ta kan doron dutse, faɗinsa bai fi dardumar sallah ba, rami hagu rami dama, mutane suna dafawa da hannu. A cikinmu babu wanda ya taɓa hawan abin da ya wuce bene. Me za mu sa, me za mu riƙa, kuma yaya ake taka irin wurin? Wani abokinmu ya ce mu sayi igiya a kasuwa mu ɗaura a ƙugu mu duka. Daidai ne?

Mai Sanda

Wa alaikumus salam, ƙanena. Igiyar nan ku fara ajiye ta. Mutum shida da ba su iya ba, ɗaure da igiya ɗaya, in guda ya zame sauran biyar zai ja, tunda babu wanda yake kafe a jikin wani abu. Igiya tana amfani ne in an ɗaure ta a dutsen da ba ya motsi, gwani yana sakinta kaɗan-kaɗan, mai hawa kuma yana sanye da ɗamarar da ke zagaye ƙugu da cinyoyi. Ta kasuwa kuwa, irin ta guga ko ta ɗaure kaya, ba don wannan aiki aka yi ta ba. In mutum ya faɗo ta tsayar da shi farat ɗaya, ƙugunsa da haƙarƙarinsa ne za su sha.

To ga taku. Gaɓoɓi huɗu gare ka, uku su kasance a kafe, ɗaya kaɗai ke motsi. Ƙafa ce mai ɗaukar nauyi, hannu na daidaita jiki ne kawai. Kuskuren sabon shiga shi ne rungumar dutse: tsoro ya sa ya manna ciki da ƙirji, nauyinsa ya tashi daga kan takalmi, takalmin ya rasa abin da zai danne shi, sai zamewa. A kan falalen dutse mai gangara, miƙe tsaye, ka sa tafin takalmi gaba ɗaya, ka riƙa gajeren taku. Kada ka hau da gwiwa. Ba ta ji, ba ta kamawa, kuma daga kanta miƙewa wuya gare ta.

Duk abin da za ka kama, fara bugunsa da tafin hannu. Irin duwatsun Jos suna ɓarewa falle-falle kamar albasa, sai ka ga ɓallin yana nan a wurinsa alhali ya rabu da uwarsa. In ka ji ya yi ƙara irin ta ƙwaryar da aka kife, bar shi. Wanda ka yarda da shi ma, danna shi ƙasa, kada ka jawo shi wajenka. Ciyawa da ƙananan itatuwan da ke tsiro a tsaga ba abin riƙo ba ne, saiwarsu ba ta da zurfi. Busasshiyar ciyawar hunturu da ɓarɓashin tsakuwa a kan fa sun fi komai santsi, goge wurin da ƙafa kafin ka ɗora nauyi.

In kun zo inda doron ya fi ƙanƙancewa, ba dole sai ka yi tafiya a kan kaifinsa ba. Sauke ƙafafunka taku ɗaya ƙasa da shi ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, ka riƙe kaifin da hannu kamar mai bin katanga. Inda babu matakin, zauna ka raba ƙafa irin hawan jaki, ka riƙa matsawa da hannu. Babu kunya a ciki, wando ne kawai zai ji jiki. Ido kuma ya tsaya a kan taku biyu ko uku na gabanka. In kana son kallon gari ko ɗaukar hoto, tsaya, ka zauna, sannan ka ciro waya.

A wuri mai wuya ɗaya bayan ɗaya ake wucewa, kuma kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin mai hawa. Wanda ya ture dutse ya yi ihu da ƙarfi, "Dutse!" Na ƙasa ya manne da jikin tsauni ya kare kansa, kada ya ɗaga fuska yana neman ta inda zai ɓullo.

Sauka ta fi hawa wuya, domin ƙafarka tana zuwa inda idonka bai gani ba. Inda gangara ke da sauƙi, fuskanci waje. Ta ƙara tsananta, juya gefe. Ta miƙe sosai, fuskanci dutsen ka sauko kamar daga tsani, kana leƙa mataki ta tsakanin hannu da jiki. Kafin ka haye duk wani mataki mai tsayi, hau taku biyu ka gwada dawowa. In dawowar ta gagara a nan, a can sama ba za ta yi sauƙi ba. Sannan ku kiyayi kwazazzabon da ke gefen doro, wanda in an gaji yake kama da yanke. Daga sama ba a ganin ƙarshensa, sau da yawa a bakin gaɓa yake tsayawa, komawa sama kuma ƙarfi ya ƙare.

Baba na Kanwuri

Ɗana, abin da yayanka yah hwaɗa ma gaskiya na. Ni kau iska da lokaci za ni yi ma magana.

Mu Sakkwatawa rana munka sani. Sakkwato tana wajen mita 300 bisa teku, Jos ta kai 1,200, ƙololuwar Shere kau mita 1,829. Duk mita 1,000 da anka hau, zahi na raguwa da kamar digiri shidda da rabi. Ke nan tsakaninmu da can bisa akwai kusan digiri goma, kahin a sa iskar hunturu cikin lissahi. Kuna hawa kuna zuhwa, kuna tsayawa bisa doro iska ta buge jiƙaƙƙiyar riga, hannu shi sandare, shi kasa riƙo. Kowa shi sa rigar sanyi marar nauyi cikin jaka, da wadda iska ba ta ratsawa.

Kahtani da babbar riga a bar su masauki. Riga mai hwaɗi tana cika da iska ta ja mutum, kuma ba ta bari ka ga inda ƙahwarka ta sauka. Wando mai sakin cinya, riga daidai jiki. In da mata cikinku, ƙaramin hijabi da za a cusa cikin riga. Takalmi kambas mai tahin roba da zane mai zurhi, wanda ƙahwa ta saba da shi, a ɗaure igiyatai tamau. Silihwas da takalmin hwata mai santsi, a'a. Hula kau, in iska ta ɗauke ta, a bar ta ta tahi. Kai hannu a cahe ta shi ka sa mutum sakin dutsi. Jaka ta goyo, a ɗaure ta ga ƙugu don kada ta yi lilo, hannu biyu su zan wohi. In iska ta kai inda kana tsaye tana turin ka har kana gyara ƙahwa, wannan doron ba na ranar ba na.

Lissahin lokaci akwai wanda wani mutumin Sikotilan, Naismith, ya hitar a 1892, har yau da shi aka aiki: awa guda ga kowane kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowane mita 600 na hawa. Misali tahiyar kilomita 8 da hawan mita 600 ta kama awa biyu da minti talatin da shidda. Amma wanga na mai tahiya bisa hanya na. Ku da kuke shidda, sababbi, kuna jiran juna ga kowane mataki, ku ninka shi, ku ƙara hutu. Ku hwara hawa da hitowar rana. Tun ƙasa ku yanke lokacin juyowa, a ce sha biyun rana, kuma in ya yi a juyo ko da ƙololuwa na gaban hanci. Wajen shidda da 'yan mintoci rana ka hwaɗuwa, duhu kau ba ya jinkiri.

Kun yi dabara da kunka zaɓi rani. Da damina gansakuka na jiƙa, dutsi shi koma sabulu, ga tsawa wadda doron tsauni taka nema. In an ga walƙiya a ƙirga: daƙiƙa uku kilomita guda. In tsawa ta iso kahin daƙiƙa talatin, a sauka daga doro. Na hunturu kau hazo na, shi ɓoye ma hanyar da kunka biyo, don haka ku riƙa waiwaye kuna riƙe alama. Sallah a yi ta ga shimhiɗaɗɗen wuri nesa da gaɓa. Kuma kada wanda ya hau da azumi ga baki.

Malama ta Arkilla

Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in ƙara abin da ya shafi jiki.

Ƙanena, ciwon rashin iska na manyan tsaunuka galibi sai an haura mita 2,500 yake farawa, don haka a Shere in wani ya ji jiri ko ciwon kai, ku fara zargin ƙishirwa da yunwa. Iskar hunturu tana busar da gumi nan take, mutum bai san yana zubar da ruwa ba. Kowa ya ɗauki lita biyu da rabi zuwa uku, wato ruwan leda biyar ko shida, amma a juye a gora, leda tana fashewa a jaka. A riƙa kurɓa duk bayan minti ashirin. Gora ɗaya a yi mata haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Guzuri dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli. Kilishi ku bar shi sai an sauko, yaji da gishirinsa ruwanku za su cinye.

Kada a zura hannu a tsagar da ba a ga cikinta ba. Maciji da kunama suna fakewa a can, zuma ma tana yin gida. In kun ji gunjin zuma, ku ja baya a hankali ta inda kuka zo, turare mai ƙarfi kuma a bar shi a gida. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Ku tambayi wanne ne tun kafin ku hau. Akwai kuma ƙyarana da ake shinge da ita a ƙauyukan Filato, farin ruwanta in ya shiga ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, kada a murza.

A jakar mutum ɗaya a sa bandeji mai naɗi guda biyu, filasta, auduga da farasitamol. Kowa kuma da tocilarsa, an fi son ta goshi, da usur. Alamar neman agaji busa shida ce, a dakata minti ɗaya, a maimaita. Akwai lambar gaggawa 112, sai dai sabis a bayan dutse ba abin dogaro ba ne. Ku bar wa wani a ƙasa sunayenku da hanyar da za ku bi da lokacin da ya kamata ya gan ku.

Na Gidan Igwai

Yaya Mai Sanda, a kan igiya ban bi ka duka ba. Su kada su saya, na yarda. Amma jagoran da ya san aikinsa yakan riƙe ta hawa, kamar mita 30, don tsare mutum ɗaya a mataki ɗaya mai wuya. A Birtaniya irin wannan hawa mataki uku suka kasa shi. Na ɗaya, kamar doron Crib Goch a Wales, yawanci ba a sa igiya. Na biyu, kamar Aonach Eagach a tsaunukan Sikotilan, wasu kan sa, kuma abin da ya sa ake jin tsoronsa shi ne in ka shiga tsakiya babu amintacciyar hanyar sauka ta gefe, sai gaba ko baya. Na uku kuwa ya kusa zama hawan gwanaye.

Wannan ita ce tambayar da za ku yi wa jagoranku: siririn wurin mita nawa ne, akwai hanyar kewaye shi, kuma in mutum ya kasa a tsakiya ta ina za a sauko da shi? In ya ce "ba komai, kowa na wucewa", ku nemi wani. A Shere akwai makarantar horon hawan dutse ta Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, a nan ya kamata ku fara tambaya, har da halin tsaro na makon da za ku je. Daga yau kuma ku riƙa hawa da sauka a matakalar bene minti talatin, sau uku a mako, da jaka mai kilo biyar a baya. Cinya ce ke fara mutuwa wajen sauka.

Ɗan Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Igiya mun fasa. Saura ɗaya: in wani ya kai tsakiya tsoro ya kama shi, ya ƙi gaba ya ƙi baya fa?

Mai Sanda

Yana faruwa, har ga masu ƙarfi. Za ka ga ƙafarsa tana rawa kamar ta mai taka keken ɗinki, saboda ya daɗe tsaye a kan yatsu. Ce masa ya sauke diddige, ko ya canza ƙafa, rawar za ta lafa. Mutum ɗaya kaɗai zai yi masa magana, sauran su yi shiru, ba dariya, ba ɗaukar bidiyo. A sa shi ya zauna ko ya raba ƙafa a kan doron, ya kalli dutsen da ke tsakanin hannuwansa, ya ja numfashi a hankali sau goma. Daga nan a riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya: "hannun dama nan", "ƙafar hagu kan wancan ƙullutun". Kada a kama hannunsa a ja, wannan hannun shi yake riƙe da shi. Tun farko ma wanda kuka fi shakka a kansa shi zai bi bayan jagora kai tsaye, mafi natsuwa a cikinku ya zo ƙarshe. In ya ce komawa zai yi, mutum biyu su raka shi har ƙasa.