Zanen Balad da ya ta da ƙura a zauren 'yan Jidda

Mai Zane: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya bayan la'asar na zauna kusa da ƙofar Bab Makka a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, cikin minti goma na zana wani tsohon gida da biro a bayan takardar kuɗin wuta. Tagogin katakon nan da ake kira roshan, ɗaya ta karkace, tattabaru uku a kanta. Na nuna wa kawuna, ya ce shirme ne, in nemi abin yi. Ga hotonsa na turo muku. Wallahi fasaha ce! Tun 2014 UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya, amma mu 'yan Takari ba ma ko ɗaga kai mu kalla.

Hajiya Babba: Ɗana, wa kake kira Takari? A Makka aka binne cibiyata.

Ɗan Kano: Hajiya, ai ba zagi ba ne. Daga Takrur ta fito, tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal.

Hajiya Babba: Asalinta bai dame ni ba. Na san bakin da ake faɗa mana ita da shi a kasuwa.

Ɗan Mai Wurno: Gaskiyar Hajiya. Mu a Sudan Fallata ake ce mana, mun san zafin abin. Yaro kuwa ya yi ƙoƙari. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman, da aka kulle shi a kurkukun Kober a 1975, a guntayen takardar buhun siminti yake zane. A 2013 Tate Modern, gidan baje kolin zane da ke Landan, ta baje aikinsa.

Ɗan Kano: Komai sai kun jawo Sudan.

Ɗan Mai Wurno: Ku da kuka zo jiya da bizar Umara kuke koya mana tarihi?

Malam: Ni tattabarun ne suka tsaya min. Zana mai rai akwai magana a kansa.

Ɗan Kano: Malam, bari mu gama da wannan tukuna. Wa ya zo da bizar Umara? Ya janye.

Mai Zane: Don Allah, akwai wanda ya buɗe hoton kuwa?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: kalmar nan cin fuska ce, kamar yadda Hajiya da ɗan'uwanmu na Mai Wurno suka kawo hujja. Ɗan Kano ya ba da haƙuri.

Ɗan Kano: Shugaba, ai kowa ya san kai ma can kakanninka suke. Ba zan bayar ba.

Hajiya Babba: Ɗana, yanzu na buɗe. Tagar nan irin ta gidan da muka yi haya ce sak. Sake turo min, amma ka goge kalmar.