Adana kek ɗin madalen da gane sabonsa

Masu gasa madalen, ƙaramin kek ɗin garin Commercy na Faransa, sun yi ittifaƙi cewa daɗinsa na ranar gashi ne. In za a ajiye, a bari ya huce sarai kafin a rufe mazubi, don tururi kan sa shi danƙo. Kwana 2 zuwa 3 yake yi. Firji na busar da shi, gara firiza, har wata 1, sai a ɗumama a tanda, a zafin digiri 150 na Celsius, na minti 5. Mafi kyau dai a ajiye kwaɓin a firji, a gasa washegari.

Sabo, in an danna tozonsa (kumburin da ke tsakiyarsa) da yatsa, yakan dawo, ga ƙamshin bota. Mai marmashewa ya daɗe. Mai fumfuna kuwa, a zubar.