Kasusuwan Baba: ta ina zan fara?

Abban Hafsa: Assalamu alaikum. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana akwatin ƙarfe cike da kaset, sun haura 400. Na juye kusan rabi zuwa kwamfuta, yanzu duk sun cakuɗe ba suna. Jiya na saka wani na Shata, an ɗauka wajen biki. Kana jin guɗa da ƙarar kalangu, har da muryar sanƙira. Sai da na yi ƙwalla, don shi Baba ke ji bayan Isha'i. Yaya zan tsara su?

Malam Iro: Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Fara da sunan makaɗi, sannan waƙa, sannan wurin da aka ɗauka in an rubuta a bayan kaset. Ni na ware makaɗan fada, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo masu kotso, daga na jama'a. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa aljihunsa daban.

Amma don Allah kar ka goge komai da sunan maimaici. Shata ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu, kowane taro da baitocinsa. Tun 1999 da ya rasu, abin da ke kan kaset shi ne ya rage mana.

Maman Yusra: Yaya, juye a WAV, wato tsarin fayil mai riƙe cikakken sauti, don MP3 na rage ingancin sauti. Ka ajiye kwafi biyu. Kuma raba akwatin da zafi da sifika, maganaɗisunta na iya goge sautin da ke kan zaren.

Abban Hafsa: Na gode ƙwarai. Ashe akwatin ma jikin sifika yake, yanzu na janye shi.