Wa ya taɓa buga kurket a unguwa a Zariya, ko mu kaɗai ne?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare ina canja tasha sai na faɗa kan wasan kurket, wanda ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda, na tsaya kallo har ina yi wa mai jifa gyara. Babban ɗana ya ce, "Baba, kai kuma ina ka san wannan?" Na ce masa ai tun ban iya bugun fanareti ba na iya kurket. Suka tuntsire da dariya, har da uwarsu. Shi ne na zo neman shaidu.

A Samaru na tashi, bayan kasuwa, farkon shekarun 1980. Lokacin jami'ar Ahmadu Bello cike take da malamai Indiyawa da 'yan Pakistan. Ɗan ɗaya daga cikinsu, ajinmu ɗaya a firamare, shi ya kawo mana abin. Shi kaɗai ke da sandar bugu ta gaske, kuma ba ta fitowa sai babansa ya tafi lacca. Mu tamu katakon karyayyen benci ne, kafinta ya feƙe mana mariƙi. Sandunan nan uku da ake kafawa a bayan mai bugu, karan dawa muke sa wa, in ƙasa ta yi tauri da rani mu jera gwangwanayen madara. Ƙwallo kuwa ta tanis ce da ta sha duniya har gashinta ya zube. Ran da ta ɓace sai goruba. Duk wanda goruba ta taɓa samu a ƙwauri da sanyin hunturu, ga kaushi ga faso, ya san abin da nake faɗa.

Taku 22 muke aunawa, jifa shida a canja mai jifa. Amma babbar dokar tamu ce muka ƙirƙira: in ka buga ta faɗa gidan da aka rubuta "ba shiga", ka ci shida, kuma ka fita. Ƙaramin cikinmu ake turawa ya yi sallama ya roƙo ta. Ana kiran magariba wasa ya tashi, ko da kai ke kan ci.

A 1983 da Indiya ta doke West Indies ta ɗauki kofin duniya a Landan, baban yaron ya fito da faranti yana raba mana alewa. Ba mu san me aka ci ba, mun dai ci alewa. Daga ranar kowa ya koma Kapil Dev, kyaftin ɗin Indiya, mu "Kafilu" muke cewa.

To akwai wanda ya yi irin wannan a Tudun Wada, Sabon Gari ko cikin birni?

Tsohon Barewa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, gaya wa yaranka su daina dariya. Kurket ya girme ka a Arewa, ya girmi Indiyawan naka ma. Turawa ne suka shigo da shi Kwalejin Katsina tare da wasan fives, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Makarantar ta koma Kaduna a 1938, ta zo Zariya a 1949, sai a 1971 ta zama Barewa. Mu da fararen kaya muka buga, da ƙwallon fata mai ɗinki, wadda in ka tare ta da wasa sai ta tsaga maka yatsa. Naku na goruba dai ban san hukuncinsa ba.

Gyallesu Boy:
Baba ranka ya daɗe, wannan ai wasan 'ya'yan malaman jami'a ne. Mu a Gyallesu ƙwallon tsumma ce da langa, sai wanka a rafi a sha bulala. Ni kurket ban ma san muna da ƙungiya ba sai da 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a Malesiya a 2025. Har yau ban gane yadda ake ƙirga cin ba.

Maman Ummi:
Malam, in layin da ke bayan masu kayan miya kake nufi, to Allah ya kama ku yau. Gidanmu ne mai bishiyar darbejiya a ƙofa. Sau nawa ƙwallonku ta faɗa mana a turmi ana daka? Rannan cikin kaskon ƙosan kakata ta dira, mai ya fallatsa. Ta ɗauke ta ta jefa a randa ta ce wanda ya isa ya zo ya karɓa. Mu muna leƙe ta kafar katanga, muna so mu buga, ba hali.

Ɗan Samaru:
Innalillahi! Hajiya, ni ne na buga ta ranar, a yafe mana, Allah ya jiƙan Iya. Sati biyu muka yi a kan goruba saboda randar nan.

Gyallesu Boy, ni ɗan tela ne, ba ɗan malamin jami'a ba. Su Indiyawan kuwa bayan 1986 da naira ta karye sai suka fara haɗa kaya gida bayan gida. Ran da abokina zai tafi ya bar mini sandar. Ban ƙara samun abokan bugu ba, kowa ya koma ƙwallon ƙafa. Ƙarshenta tsohuwata ta mai da ita abin kakkaɓe katifa in an shanya a rana.

Baba, zan karanta wa yaran amsarka bayan isha'i.