Kanumfari: me yake magancewa da gaske?

Uwargida daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Surukata ta ba ni shawarar in riƙa jiƙa kanumfari cikin ruwa ya kwana, mu sha da safe kafin karin kumallo, ta ce yana maganin ciwon haƙori, da ciwon sukari, da sanyin mata. Maigidana kuma kwana huɗu ke nan yana fama da haƙori, ya sayo ƙaramar kwalbar man kanumfari a Kasuwar Barci yana ɗigawa a kan dasashi. Wanne ne gaskiya a cikin waɗannan, kuma ko akwai illa?

Dattijo daga Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kanumfari ba baƙo ba ne a gidajenmu. Da shi ake ƙamshin kunun zaƙi da zobo da yaji, kuma a lokacin hunturu mun saba dafa shi da citta mu sha idan mura ta kama mu. Abin da muke saya furen bishiya ne da aka tsinke kafin ya buɗe, aka shanya. Asalin bishiyar tsibiran Maluku ne na Indunusiya, daga baya aka noma ta sosai a Zanzibar da Pemba, sunan ma daga Larabci muka samo shi, wato ƙaranful. Shan sa a abinci ban taɓa ganin ya cutar da kowa ba.

Ma'aikacin sashen haƙori, Kawo:
Hajiya, batun haƙori yana da tushe. Mafi yawan man kanumfari, kimanin kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari, wani sinadari ne da ake kira yujinol, wanda yake sa jijiya ta daina jin zafi na ɗan lokaci, kuma yana kashe wasu ƙwayoyin cuta. Mu kanmu a asibiti muna haɗa shi da wani farin gari mu cike ramin haƙori na wucin gadi, shi ya sa ɗakin likitan haƙori yake da wannan ƙamshin da kowa ya sani.

Sai dai abin da nake yawan gani shi ne mutum ya ji zafin ya lafa, ya ɗauka ya warke, alhali ramin yana nan yana ci gaba da zurfi, har wata rana ya zo da kumburin fuska da ruwan mugunya, a lokacin da ba a iya ceton haƙorin sai cirewa. Ɗiga man kai tsaye kuma yana ƙona dasashi. Idan dole ne, Alhaji ya gauraya ɗigo ɗaya da man zaitun a kan auduga, amma ya je a duba shi cikin wannan makon.

Mai harhaɗa magunguna, Barnawa:
Zan ƙara a kan abin da ɗan'uwana ya faɗa. A ajiye kwalbar nesa da yara, domin ɗan kaɗan daga man, ko da cokalin shayi biyu ne, yana iya lalata hantar ƙaramin yaro. Yujinol yana kuma jinkirta daskarewar jini, saboda haka wanda yake shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko wanda za a yi wa tiyata, bai kamata ya riƙa shan jiƙon kanumfari kullum ba. Mai ciwon sukari kuwa kada ya ajiye maganinsa don ya koma kanumfari. Sanyin mata yana da iri-iri, kuma sai an yi gwaji ake sanin maganin da ya dace. Yin tsarki da ruwan kanumfari mai ƙarfi yakan ƙara ƙaiƙayi ne.

Uwargida daga Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauke kwalbar daga inda yara suke kaiwa, kuma maigidan ya amince zai je asibiti ranar Litinin.